Likitan da Ya Ƙi Ƙara Iska

A Karu an ce likitan da ke neman auren Mashkura shi ne ya kusan kashe ubanta a ɗakin tiyata. Wai iska ta yi wa Alhaji Surajo kaɗan, aka ce a ƙara, yaron ya ƙi. Ni gwaggon Alhajin ce, kimiyya na koyar har na yi ritaya, kuma "an ce" ba ta ƙosar da ni.

Ina wurin ranar da suka fara ganin juna. Ana gobe za a cire wa Alhaji ƙari a huhun hagu, Dakta Nazeer, mai sa majinyata barci, ya zo yi mana bayani. Ya ce za a sace iskar huhun hagu ya kwanta don a sami wurin aiki, na dama kaɗai zai riƙe numfashi.

"Guda ɗaya zai isa?" in ji Mashkura.

"In an lallaɓa shi."

Ya dube ta, ta dubi ƙasa.

Aikin ya daɗe fiye da yadda aka ce. Alhaji ya farfaɗo da dasasshiyar murya. Mashkura kuwa, tun zaman da ta yi a ƙofar ɗakin nan, ba kuka, ba dariya. Saƙonninta da Nazeer a kan magani suka fara, sannan suka bar magani. 'Yar Zazzau yake ce mata.

"Ya mai jiki, 'yar Zazzau? Ke kuma fa?"

"Ban sani ba. Ba na jin komai."

"Ba gaggawa. Ina nan."

Maƙwabciyarsu Hansatu, da ke aiki a asibitin, ita ta ji tsawar da aka yi wa Nazeer a cikin ɗakin tiyata. Ammar, ɗan abokin Alhaji, ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya daɗe yana kai gaisuwa shagon atamfar Alhaji saboda Mashkura, shi ya isar da labarin.

"Wanda ya hana ni iska ba zan ba shi 'yata ba," in ji Alhaji.

"To, Abba," ta ce, ta ci gaba da ninke atamfa. Ta tura wa Nazeer saƙo: "Abba ya ce a'a. Kada ka sake rubutowa."

"To, Mashkura. Amma ki tuna masa ya riƙa jan iska da robar nan da muka ba shi, safe da yamma."

Ta nuna mini, fuskarta ba ta motsa ba.

Ranar komawa ganin likita na bi Alhaji. Da Dakta George, wanda ya yi fiɗar, ya gama duba ɗinkin, na tambaye shi kai tsaye ko gaskiya ne Nazeer ya ƙi ƙara iska.

"Gaskiya ne, Mama," ya ce. "Oksijin ya sauka, na'ura tana ta kuka. Ni na daka masa tsawa ya ƙara matsin iskar. Ya ƙi."

"Kin ji ko, Gwaggo? In abu ya yi kaɗan ai ƙarawa ake yi," in ji Alhaji.

"Ban gama ji ba. Sai ya yi me?"

"Ya ce in ɗaga hannuna. Huhun daman Alhaji ya sha taba shekara da shekaru, ya yi rauni. In aka danna masa iska da ƙarfi zai iya fashewa, kuma a lokacin babu wani huhun. Ya gyara zaman bututun numfashin da ke maƙogwaronsa, ya shigar wa na hagu oksijin kaɗan-kaɗan har jini ya dawo daidai, sannan ya ce in ci gaba. Na ji haushi ƙwarai. Ni ne oga fa."

"Muryar fa?"

"Kaurin bututun ne. Za ta dawo."

A mota, muna shiga Karu Alhaji ya ce, "Gwaggo, zancen tabar nan..."

"Tun kana sakandare na sani. Dubi hanya."

Da ya isa gida ya kira Mashkura. "Ki ce masa ya turo magabatansa."

"To, Abba," ta ce, da irin muryar ranar nan.

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Alhaji ya sa musu albarka, muryar ta kusan dawowa: Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa a yi haƙuri da juna. Muka ce amin. Da muka kai amarya, ina gyara mata mayafi Nazeer ya leƙo.

"'Yar Zazzau, yanzu fa? Me kike ji?"

Ta ɗago ta dube shi. "Yunwa."

"Alhamdu lillahi. An fara."

An ce ya ƙi ƙara wa Alhaji iska. Haka ne, ya ƙi. Alhaji yana shagonsa, yana numfashi da huhunsa biyu.