Ƙafafun Motar Jabez

Ranar Lahadi da azahar aka kira Sufeto Sanda. Wanda aka raɗa wa suna Sanda kuma ya ƙare ɗan sanda ya riga ya sha tsokana har ta ishe shi, don haka ba sai mun ƙara masa tamu ba.

A wani tsauni bayan Birmingham ake gasar. Tseren ba na cakuɗuwa ba ne. Mota ɗaya ake saki ta haura siririyar hanya, agogo yana auna ta, sannan a saki ta gaba. Ran Asabar, a gwaji, Jabez Ɗantani na unguwar Old Trafford a Manchester ya fi kowa a rukuninsa. Lahadi ce ranar kofi. Ya taso a guje, ya iso kwanar da kowa ke taka birki, ya taka, mota ta ƙi. Ta daki shinge ta kife. Aka kwashe shi zuwa asibiti bai san inda kansa yake ba.

Baturen da ke duba motocin gasar ya nuna wa Sufeto abin da ya rage na motar.

"Mai ne a faifan birki, duka ƙafafun. Da safe na duba ta, ƙalau take. Wani ne ya zuba."

Sanda ya durƙusa ya shinshina. Ba warin man inji ba ne, ƙauri ne irin na kaskon da aka manta a kan wuta. Man zaitun ne.

Kafin la'asar an tsare bakaniken Jabez, wani Muhsin, ɗalibin injiniya da ke zaune a Small Heath, domin an sami tsumma jiƙe da man a aljihunsa. In aka gurfanar da shi, karatunsa ya ƙare, ƙila ma gidan yari ne.

Sufeto ya tambaye shi da Hausa. "Wa ya taɓa motar bayan an duba ta?"

"Babu kowa, yallaɓai."

"Tsumman fa?"

"Taya na goge."

"Me ya ɓata ta?"

Muhsin ya sunkuyar da kai. "Mistake ɗina ne. Ku rubuta haka kawai."

"Kai da ke PhD a kan injuna, ka zuba man miya a birki? Malam Muhsin, ko ƙaryar ma ba ka iya ba. Wa kake karewa?"

Sanda ya tausaya masa, ya kuma ji haushinsa. Ba shi da hanyar sakin mutumin da ya nace a kan cewa shi ne mai laifi.

Washegari ya je asibiti. Mahaifiyar Jabez, Clara Ɗantani, tana zaune a gefen gado, idanunta sun kumbura.

"Sannu, Mama. Ya mai jiki?"

"Da godiya, ɗana. Doctors sun ce sai dai a jira."

"Kin je wajen gasar jiya?"

"Ni? Ko a TV ba na iya kallon abin nan. Ina church aka kira ni."

Zai fita ke nan idonsa ya kai ƙarshen gadon. Tafin ƙafar Jabez ya leƙo daga bargo yana sheƙin mai. Ya tambayi nas a waje ko su ke shafa masa wani abu. Ta ce a'a, uwar ce, sun yi magana har sun gaji.

Da Sufeto zai iya mayar da abin da ya gani, da ya mayar.

Ran Talata ya sami labarin ta koma Manchester ɗebo kaya, ya bi ta tare da wata 'yar sanda. Falon ƙarami ne, kofunan da Jabez ya ci a tsere sun cika saman talabijin. Ta kawo musu shayi, ba wanda ya sha.

"Mama, na yi magana da matan zumuntarku ta church. Sun ce ba ki je sujada ran Lahadi ba."

Ta zauna a hankali.

"Muhsin na tsare. Ya ce shi ya yi. Gobe za a kai shi kotu."

"Muhsin? Wayyo Allah! Yaron da ke cin tuwo a gidan nan? Ai ce mini aka yi statement kawai yake bayarwa."

"Ya zaɓi kurkuku da ya ambaci sunanki."

Ta buɗe jaka ta fito da 'yar kwalba, saura kaɗan a gindinta, ta ajiye a tebur.

"Man shafewa ne, an yi addu'a a kansa. Fasto ya ce in shafa masa a ƙafafu, kada su zame. Na hau train da sassafe na je. Jabez ya yi dariya, ya ce, 'Mum, not now,' wai ya riga ya sa takalman tsere. Da ya tafi wajen taron direbobi sai na tsaya ina kallon motar. Na ce a raina, ai a wannan gudun ba ƙafafunsa ke taka ƙasa ba, nata ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zubawa."

"A kan taya?"

"A kan taya, da ta cikin ƙarfen nan mai ramuka, don ya shiga sosai. Muhsin ya zo ya tarar da ni a ta ƙarshe. Ya ce, 'Mama, ba a yin haka,' ya goge robar tas. Bai san na zuba a ciki ba. Ni ma ban faɗa ba, don kada ya goge albarkar."

"Yaushe kika gane?"

"Tun da na ji ana cewa mai ne a birki. Shi ya sa na ce ina church. Na kasa faɗa da bakina."

Sanda ya daɗe yana aikin nan, ya kama ɓarayi da masu kisa, bai taɓa jin kunyar kakinsa irin ta ranar ba. Ya fita ƙofar gida ya yi waya a saki Muhsin. Da ya dawo ya karanta mata haƙƙinta da Turanci, kamar yadda doka ta ce, sannan ya maimaita da Hausa. 'Yar sandan ta kai hannu ga ankwa, ya girgiza mata kai.

Clara ta gyara ɗankwalinta, ta kashe fitilar falo, ta kulle ƙofa da kanta. A bakin mota ta riƙe hannun rigarsa.

"Ɗana, in ya farka zai tambaya wa ya yi masa haka. Wa zai gaya masa?"

Sufeto Sanda ya zare hannun rigarsa a hankali. Ya buɗe mata ƙofar baya, ta shiga.