Saƙon da Ya Fito Daga Falon Mai Kemis

Matar ta shigo ofishin Sufeto riƙe da hannun 'yarta gam, har yarinyar na ƙoƙarin zamewa. Mai kemis ce. Bara mota ta buge mijinta a gabanta ya rasu, direban ya gudu. An kama shi daga baya, ita kaɗai ce shaida, kuma shari'ar ta matso.

Ta ajiye wayarta a kan tebur.

Sufeto ya duba. Hotunan yarinyar ne aka turo ta imel: ga ta a ƙofar makaranta, ga ta tana wasa a barandar gidansu. A ƙarƙashin kowanne an rubuta, "Ki je kotu ki gani."

"Wa kike zargi, Hajiya?"

"Kowa, ranka ya daɗe. Ko mai kwashe shara ya ƙwanƙwasa ƙofa sai cikina ya ɗuri ruwa."

Ya miƙa aikin ga Kofur, 'yar sandan da ke kula da sashen kwamfuta. Da amsa ta dawo daga kamfanin intanet, sai ta shigo ba ko sallama.

"Yallaɓai, saƙonnin nan daga layin intanet na gidanta suke fita."

Sufeto ya miƙe tsaye. Shi ma yana da 'ya sa'ar wannan yarinyar. Ya ɗauki hularsa.

Gidan bene ne na 'yan haya, Hajiya na ƙasa. Da ta ji labarin sai ta zauna daɓas a kujera.

"A gidana? Daga ni sai yarinya sai ƙanin marigayi, shi ma a ɗakin waje yake."

Aka kira ƙanin. Ya shigo yana zare ido.

"Ka san lambar sirrin waifai ɗin gidan nan?"

"Ban sani ba, yallaɓai."

"Kana taɓa laftof ɗinta?"

"Ni? Ko kusa da ita ba na zuwa."

Kofur ta juyo da fuskar laftof ɗin. Shafukan ƙwallo ne reras a tarihin bincike. Ƙanin ya sunkuyar da kai, ya ce idan Yaya ta tafi kemis yakan ɗan leƙa wasa, amma wallahi iyakarsa ke nan.

Bai rufe baki ba wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta duba, ta saki salati, wayar ta faɗi a kan kafet. Sufeto ya ɗauka.

"Ki gaishe da Sufeto. Yarinya ta kusa tashi daga makaranta."

Ƙanin na tsaye a gabansu, hannayensa babu komai. Sufeto ya dubi taga, ya dubi silin. Wani yana ganin su, ko yana jin su. Nan take ya buga waya ya tura ɗan sanda makarantar, ya ce kada a ba kowa yarinyar.

"Yallaɓai, zo ka gani," in ji Kofur da ƙaramar murya. "Ba ta na'urar waifai ɓarawon ya shiga ba, shi ya sa ba mu gan shi a can ba. Laftof ɗin ce aka saita. Tana karɓar intanet, sannan tana raba shi ga wata kwamfutar. Manhajar tata Windows ce, ta waccan kuwa Linux. Kuma yanzu haka tana haɗe."

"Daga wace nisa?"

"Ba ya wuce bango ɗaya ko biyu."

Sufeto ya juya ga Hajiya. "Me ya sa laftof ɗin take kunne kina kemis?"

"Injiniya ne ya ce kada in riƙa kashe ta, wai batirin ya yi rauni." Ta ɗago kai ta dubi Sufeto. "Maƙwabcinmu ne, mai gyaran kwamfuta. Shi ke kai yarinya makaranta idan na makara."

"Ina ɗakinsa?"

Ta ɗaga yatsa ta nuna bangon da teburin ke jingine da shi.

Injiniya ya buɗe ƙofa da fara'a, har da miƙa hannu. Ɗakin cike da matattun kwamfutoci, ana jin ƙaurin dalma.

"Kai ka gyara laftof ɗin Hajiya?"

"Na ɗan share mata ƙura kawai. Ai zaman tare ne."

"An ce wata kwamfuta na shan intanet daga jikinta."

"Haba yallaɓai, ba abu ne mai sauƙi ba. Haɗa Windows da Linux sai wanda ya ƙware."

Sufeto ya ƙura masa ido. "Wa ya ce maka Linux ce?"

Murmushin ya daskare. Sufeto ya ɗaga murya ya ce wa Kofur da ke falon Hajiya ta kashe rabon intanet ɗin ta sake kunnawa. Jim kaɗan wani siririn sauti ya fito daga ƙarƙashin gado. Aka ja tabarma, sai ga ƙaramar kwamfuta a buɗe, hoton yarinyar a fuskarta.

Injiniya ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Direban da ya buge mijinta, yayana ne, uwa ɗaya uba kowa da nasa. Don wannan na kama ɗakin. Na ce idan saƙon ya fita daga layinta, za a ce ita ke tura wa kanta, kotu ta ƙi yarda da maganarta. Wallahi ban yi niyyar taɓa yarinyar ba."

"Amma ka san hanyar makarantarta," in ji Sufeto, yana sa masa ankwa.

Suna fitowa ɗan sandan ya iso da yarinyar. Ta ga Injiniya ta washe baki.

"Kawu, ina za ka?"

Bai iya ɗaga kai ba. Hajiya ta fizgo 'yarta ta ɓoye fuskarta a cikin mayafi, ta tsaya a haka har motar ta bar layin. Sannan ta dubi Sufeto.

"Ranka ya daɗe, ranar kotu ka turo wanda zai raka mu. Zan je."