Addar da Aka Jingina wa Maɗaci

An ɗauke wuta tun magariba, zafi ya koro mu tsakar gida. Yaya Sabi'u, ɗan kawunmu mai gyaran injinan yankan itace a kasuwar katako, yana zaune kan turmi da farar rigarsa ta Juma'a. Muna gefe ni da ƙannena, Nafi'u da Hansai, sai Nafi'u ya tsokano shi.

"Yaya, wai me ya sa kake gyara inji amma ba ka shiga daji?"

Yaya Sabi'u ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, "Kai dai bakinka ba ya hutawa. To, ku matso. Hansai, ajiye wayar nan ko in fasa. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi mini dariya."

Muka matso. Ya rage murya, ya fara.

Shekara tara na yi ina yanka a dazuzzukan Taraba, ni da Haladu. Kun san Haladu, mai manyan motocin nan na bakin tasha. A lokacin ba shi da ko keke. Kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana. Ni ke riƙe inji, shi ke tuƙa motar maigida, shi ne kuma mai duba mini sama. Kun san mai duba sama? In kana yanka, idonka na ƙasa, kunnenka ya toshe da kukan inji. Sai wani ya tsaya yana kallon kan itacen. In busasshen reshe ya ɓalle, ko itace ya juya, shi zai jefe ka da tsakuwa a baya ka gudu. Ranka a idonsa yake, ba ƙari.

Wanda ya koya mana aiki Baba Jatau ne, Allah ya jiƙansa. Tsoho mai faɗan tsiya. Ya ce duk tankin mai ɗaya ka gyara haƙoran sarƙa da magagari. Kada ka zuba fetur inji na da zafi. Kafin ka taɓa itace ka share hanyar gudu, a karkace, ba daidai bayansa ba, don gindin itace harbi yake yi. Kada ka yi yanka kai kaɗai. Sai ta ƙarshe, wadda 'yan boko ke wa dariya. In itace babba ne, tsoho, ka jingina masa addarka, ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ce kana neman a tashi. Ka ba mazauna cikinsa kwana uku. In ka dawo ka tarar da adda a tsaye, bismillah. In ka tarar da ita kwance, ɗauki abarka ka yi gaba, kada ka waiwaya.

Sau huɗu na taɓa tarar da adda kwance. Sau huɗu na yi gaba.

To, akwai wani maɗaci a bakin wani rafi. Mutum biyar ba sa zagaye shi da hannu. Wani Alhaji dillalin katako ya gan shi, ya ƙwallafa rai. Na ce sai an yi sallama. Haladu ya ce, "Huta abinka, ni zan je, ai hanyata ce. Ara mini addarka, tawa ƙota ta tsage."

Na miƙa masa. Me zai hana? Haladu ne fa.

Rana ta huɗu muka tafi. Ya ce shi ya riga ya leƙa da sassafe, lafiya lau. Muka isa da hantsi, ga addata a tsaye jikin maɗaci, ƙyam. Na ce alhamdulillahi. Na share hanyar gudu, na gauraya fetur da baƙin mai, na ja sarƙa na ji ta yi daidai. Haladu bai sa hannu a komai ba. Ko inuwar itacen bai shiga ba, yana can nesa yana ta wasa da makullin mota.

Ya ce, "Bari in juya motar, ƙasar nan tana da laushi, kada ta kafe. Fara yanka bakin, yanzu zan dawo."

Na ce, "Wa zai duba mini sama?"

"Haba Sabi'u, baki kawai? Kafin ka zagaya baya na iso."

Na ja igiya. Inji ya tashi.

Baki shi ne yankan farko, a gefen da kake so itace ya faɗi. Na shiga yi. Rana ta take tsaka. Ban ji dawowar mota ba, amma ai ba na jin komai. In inji na kuka, ko a kunne aka yi maka ihu sai dai ka ga baki na motsi.

Sai na ji an ce, "Sarƙarka ta dakushe."

A hankali. Kamar yadda nake muku magana yanzu. Inji kuwa yana ta ihu a hannuna.

Na ɗaga kai. Wani dattijo ne tsaye, siriri, da 'yar shara mai launin ƙasa. Na duba dusar da inji ke fitarwa. Gaskiyarsa. Ta koma gari laushi, alhali sarƙa mai kaifi ɓarzajjiyar dusa take zubarwa. Kuma da safen nan na gyara ta.

Ya ce, "Kashe."

Na kashe. Dajin ya yi tsit. Ba tsuntsu, ba ƙuda. Rafin ma ban ji shi ba.

Na ce, "Sannu Baba."

Ya ce, "Ina mai duba maka sama?"

"Ya je juya mota."

"Motar tana bakin titi. Ta fuskanci gari."

Bakin titi tafiyar awa guda ce daga nan. Na buɗe baki in yi musu, idona ya sauka ƙasa. Dusa ta rufe wurin kaf, har takalmana sun nutse. Ga sawuna ko'ina. Nasa babu. Ƙafafunsa kuwa... Hansai, in za ki toshe kunne ki toshe yanzu. Yatsun dogaye ne, sun yi rassa, sun shige cikin ƙasa. Ba a kan ƙasa yake tsaye ba, a cikinta yake.

Na fara karanto duk abin da na iya. Ya bar ni har na kai aya. Sannan ya ce, "Mu ma muna karantawa. Kai ne Sabi'u ɗan Lantana?"

Sunan mahaifiyata ne, ba kowa ya san shi a dajin nan ba.

"Da wannan sunan aka yi mana sallama," in ji shi. "Muka ba da amsa. 'Yata tana jego a sama, yau kwananta tara. Muka ce a dakata ta yi arba'in. Da hannuna na kwantar da addar. Me ya sa ka tashe ta?"

Na ce, "Wallahi Baba a tsaye na same ta."

"Dubi sama."

Na duba. Daidai kaina, wani busasshen reshe mai kaurin turmin nan yana lilo, ɓawo kaɗai ke riƙe da shi. Babu iska, amma yana lilo.

"Naka ne," ya ce. "Tun ɗazu ake jira in ɗaga hannu. Abu ɗaya ya tsayar da ni. Na ga ka share hanyar gudu, na ga ka yi bismillah. Mai ganganci ba ya haka. Ɗauko addar."

Na ɗauko.

"Juya ta."

Na juya. Gefe guda na ƙotar, daga sama har ƙasa, gara ta yi gini. Jar ƙasa, ɗanya. Ɗaya gefen fes. Ku yaran birni ba ku san gara ba. Gara ba ta bin gefe ɗaya na ƙota tun daga kai har gindi sai in ƙotar kwance take a ƙasa. Addar nan ta kwana biyu a kwance. Da safen nan aka tashe ta.

Mutum ɗaya ne ya zo da safe.

Ku ji ni da kyau. Na ga ƙafafun tsohon nan ban faɗi ba. Na ga reshen ban faɗi ba. Amma da na ga ginin garar nan, zama na yi daɓas cikin dusa. Addata ya ara. Sunana ya faɗa, har da na uwata, don kada a yi kuskure. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa muku. Ba kukan tsoro ba, na baƙin ciki.

Tsohon ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, "Ka riga ka yi baki. Itace mai baki ba ya tsayuwa, iskar farko za ta kayar da shi kan wani bawan Allah. Juya bayanka. Kada ka waiwayo sai na ce."

Na juya. Na ji ana saukowa. Ƙarar ƙore, ƙarar tukwane, takun mutane da yawa ba magana. Wata mace tana nishi a hankali, ana ce mata sannu. Sai jariri ya yi kuka sau ɗaya, dab da kunnena, aka rarrashe shi. Wallahi har ƙamshin kunun kanwa na ji ya wuce ta gefena. Ni na fitar da mai jego daga ɗakinta da tsakar rana. Har gobe abin yana cina.

Sai da inuwa ta karkata ya ce, "Juyo. Gyara haƙoran sarƙarka, ka ƙarasa."

Na ce, "Baba, ba ni da mai duba sama."

"Ni zan duba maka."

Na sa magagari na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Na zagaya baya, na yanka sama kaɗan da bakin, na bar tsakani yadda Baba Jatau ya koya mana, don shi ke riƙe itace ya faɗi inda aka nufa. Na buga weji, ƙarfen da ake cusawa a yankan don ya tura itace. Maɗaci ya yi ƙara. Sai na ji tsakuwa a bayana, tau, daidai inda Haladu ke jifana shekara tara. Na saki inji na bi hanyar gudu. Reshen nan ya sauko inda nake tsaye, ya nutse cikin ƙasa. Sannan itacen ya faɗi, ƙasa ta girgiza.

Da ƙura ta lafa, muryarsa kawai na ji. "Wannan ne itacenka na ƙarshe. Duk injin da ka sa wa hannu zai tashi, amma a gari. Kada mu ƙara ganinka."

Na ce, "Shi fa?"

"Bai faɗi sunansa ba. Ba mu da hanya a kansa. Naku ne, ku kuka san irinku."

Na saɓa inji na taka har bakin titi. Ga mota, ta fuskanci gari, kamar yadda aka ce. Haladu na zaune a ciki ya kifa kai a sitiyari. Duk nisan nan ya ji faɗuwar itacen, ya san buƙata ta biya. Itace in ya faɗi ya zama katako, kowa na iya ɗauka. Wanda ya kayar shi ke da alhaki. Daga baya na ji Alhajin nan dillali ya yi masa alkawarin mota, tasa ta kansa.

Na ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ɗago. Kun san abin da ya fara kallo? Ƙafafuna. Ya leƙo ta taga yana duba ƙafafuna, ya ga ko mutum ne.

Ya ce, "Sa... Sabi'u. Taya ce ta yi faci."

Na buɗe ɗaya ƙofar, na ɗaga kujera in ajiye magagari da sifana inda muke ajiyewa. Sai ga wata leda sabuwa. Na buɗe. Alawayyo ne fari, yadi biyar, a ninke. Da turare. Da sabulu.

Nafi'u ya ce, "Na mene ne?"

Hansai ta ce da shi a hankali, "Likkafani."

Tun daga gari ya sayo, in ji Yaya Sabi'u. Kafin mu taso. Da safen nan muka karya da ƙosai a takarda ɗaya, yana zaune a kan likkafanina. Ya fara rantse-rantse, yana cewa ai ya san ina da addu'a, ai ya san ba abin da zai same ni. Na ce, "Ja mota." Ya ja, muka iso gida. Ledar kuwa na sauka da ita, ai tawa ce.

"Aljanun ba su yi masa komai ba?" in ji Nafi'u.

Me za su yi masa? Motarsa uku yanzu. Ya yi tumbi, ya je Makka. Ni ma da na so a ce ya haukace, in ba ku labari mai daɗi. Bai haukace ba.

"To ina yadin?"

Yaya Sabi'u ya kama wuyan farar rigarsa da yatsa biyu, ya ɗan girgiza ta. Hansai ta yi baya da sauri har ta ture buta.

"Yadi mai kyau ne, bai yi mini rowa ba," ya ce. "Na kai wa tela. Duk Juma'a da ita nake zuwa masallaci, in nemi sahun da yake, in tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Shekara bakwai ke nan. Bai taɓa iya juyowa ta gefena ba sai in sallama ta tilasta shi, ita ma ido a rufe."

Ya miƙe, ya kaɗe rigar.

"Saboda haka kada in ji waninku ya shiga dajin nan shi kaɗai. In kuma kun tafi ku biyu, addarka kai za ka jingina, kai za ka je ka dubo. Kafin ka tada inji kuma, ka ɗaga kujerar motar ka ga abin da ke ƙasa. Ku tashi ku kwanta."

Babu wanda ya motsa sai da ya shige ɗaki.