Turmin da Na Ɓoye

"Ku dubi ledar ma! Daga babban kanti a Kano aka yiwo komai, irin wanda ba a tayi!"

Adda Kubura ce, yayar Mu'az da zan aura, take ɗaɗɗaga lefena a tsakar gidanmu, mata suna ta guɗa.

Ni kuwa ina ƙuryar ɗaki, hawaye ya jiƙa min hijabi...

Akwati shida, ko ɗankwali babu daga shagona!

Shagon atamfa ne na mahaifina, Baffa, a bakin kasuwar Dutse. Da ya rasu ni na gaji bencinsa. Ma'aikata sun cika gari, amma duk Juma'a sai su hau mota su yiwo sayayya a Kano. Wuni nake ni kaɗai, ina ninke atamfar da ba wanda ya warware. Har wani turmi shuɗi na ɓoye a ƙasan kanta, wai ko Mu'az zai aiko a saya a saka min a lefe.

Kwana biyu da ganin lefe magana ta zaga gari: angon mai shago ma bai yarda da kayanta ba. 'Yan cinikin da suka rage suka ɗauke ƙafa.

Da ya zo zance na kasa daurewa.

"Ka kashe min shagon Baffa, Mu'az."

"Haba Mashkura, sanyin idona! Ina aka taɓa jin amarya ta sayar da lefenta da hannunta? Adda ta ce abin kunya ne ki san kuɗinsa."

"Kunyar da na sha a kasuwa fa?"

Na shige gida na bar shi tsaye.

Sati uku ban gan shi ba. Kewarsa ta dame ni, ga shago tsit, har na fara tunanin rufewa.

Ranar wata Juma'a, motocin Kano suna lodi, sai na ji sallamarsa. Ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Hajiya mai shago, turmi nake so na amaryata. Wanda ya fi kowanne!"

Na ciro shuɗin, na faɗi kuɗinsa. Nan take ya sa hannu a aljihu.

"Nan ba kantin Kano ba ne," na ce. "Zama ake a taya. Haka Baffa ya bar mu."

Ya zauna a bencin, ya taya.

"Albarka."

Ya ƙara.

"Albarka..."

Wasu mata biyu suka tsaya kallo, ɗaya ta fara shafa wani leshi.

"Mashkura," ya ce a hankali, "ai na wuce kuɗin da kika faɗa. Ki sallama mana."

Na share idona da bakin hijabi.

"In na sallama tashi za ka yi. Albarka."