Ɓallin Da Ke Gefen Daimon

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Kealeboga Ntsima wani shagon ƙera zobba a Gaborone. Ta tarar da mai shagon, Rra (wato Malam) Kgari, yana ta share gumi, ga wata yarinya zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

"Mma, ga ɓarauniyar nan," in ji shi, don da Mma ake kiran mace cikin girmamawa a can. "Boikhutso sunanta, ita ke yanka mana duwatsu. Daimon aka kawo na zoben baiko, yau ta ɗauko za ta fara aiki wai ta ga gilashi. Na kore ta, ku tafi da ita."

"Wane irin daimon?"

"Tsohon yanka, mai zagaye, gefensa ya ɗan ɓalle. Na uwar angon ne, ta rasu. Amarya ta zaɓi siffar ɗigon hawaye, in an yanka haka ɓallin zai fita."

Sufeto ta juya ga yarinyar. "Wa ya taɓa dutsen bayan ke?"

"Ba kowa, Mma." Ta faɗa ne tana kallon ƙasa.

Sufeto ta ɗaga gilashin a haske. Duk ya kakkarce, ga busasshen sabulu maƙale a bayansa. Ita ma uwa ce, ta san hannun da ya sha wanke-wanke. Wannan ba jiya aka sayo shi don yaudara ba, mace ce ta daɗe tana sa shi.

Aka wuce da Boikhutso ofis, ita kuwa Sufeto ta nufi wurin ango, Tumisang. Ta same shi da amaryarsa Goitseone.

"Wa ya ce a sake wa dutsen siffa?"

"Ni ce," in ji amarya. "Yatsuna gajeru ne, mai zagaye ba ya yi mini kyau. An nuna mini mai kusurwa huɗu, kamar tagar banɗaki. An nuna mini mai siffar zuciya, na ce ni ba 'yar makaranta ba ce."

"Kowa ya yarda?"

"Kowa," in ji Tumisang da sauri. "Baba da kansa ya miƙa shi a gaban kawunnai."

"Ya miƙa dai," in ji Goitseone a hankali, "amma ranar ko naman da aka dafa bai taɓa ba."

Sufeto ta buɗe tafin hannunta. Tumisang ya kalli gilashin, fuskarsa ta canza.

"Mama tana da zobe biyu," ya ce daga ƙarshe. "Na gaske na zuwa coci, na gilashi na aikin gida."

"Ina na gilashin?"

"Yana Mochudi. Wurin Baba."

Su uku suka kama hanyar garin Mochudi. Mahaifin ango, wanda ake kira Rra Tumisang, tsohon ma'aikacin haƙar daimon ne, ƙura ta cinye masa ƙirji. Suka same shi yana ba kaji dawa.

"Rra, yaushe rabonka da Gaborone?"

"Tun jana'iza, 'yata. Me zan je nema, hayaƙin motoci?"

"To a nuna mini zoben marigayiya na gilashi."

"Ya ɓata."

"Allah yana ganinmu, Rra. Akwai 'yar mutane a kulle a ofishina, an kore ta daga aiki, kuma har yanzu ta ƙi faɗin sunan wanda ta tausaya wa."

Kwanon dawa ya kuɓuce masa. Kaji suka yi caa a kai, bai ko kore su ba. Ya shiga ɗaki ya fito da zobe, gurbin dutsen wayam, sannan ya zaro wani ƙullin hankici daga aljihun ƙirjinsa.

"Ran Juma'a na je shagon," ya ce. "Na roƙi yarinyar in ga daimon ɗin sau ɗaya kafin a yanka. Ta ce an hana, na yi ta roƙo. Da tari ya sarƙe ni ta tashi kawo mini ruwa, sai na musanya shi da gilashin. Ba ta sani ba."

"Baba, ai da ka ce ba ka so," in ji Tumisang.

"A gaban surukai? In ba da kyauta in ce ga yadda za a yi da ita?" Ya kwance hankicin, sai ga daimon ɗin. "Kawo yatsanka. Taɓa nan."

Tumisang ya taɓa ɓallin.

"Ranar da za ta haife ka, daga coci muka wuce asibiti, zoben na hannunta. Naƙuda ta yi tsanani, ta doki ƙarfen gado da shi. Na ce in kai a gyara, ta ce kul, wannan Tumisang ne. Mai shagon nan kuwa a gabana ya kira shi aibi. Ya ce shi za a fara yankewa."

Goitseone ta toshe bakinta da gyale.

"Mma, a bar maganar," in ji Tumisang. "Kayanmu ne, na yafe."

"Kai ka yafe naka," in ji Sufeto. "Sunan yarinyar nan fa? A gaban mai shago aka ɓata shi, a gabansa za a wanke shi. Rra, ɗauko hularka."

Tsohon bai yi musu ba. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ce wa amarya ta rufe kaji kafin magariba. A bakin mota ya tsaya, ya danƙa wa Sufeto hankicin.

"Ki riƙe shi da kyau, 'yata," ya ce. "Marigayiya ba ta son sanyi."