Ɗakin da Athumani Ya Ware

A wata unguwa ta Tanga, Athumani Jecha na buga wa mutane takardu da tsohuwar kwamfuta, 'yarsa Mwajabu na taya shi tun rasuwar uwarta. Ƙwaƙwalwar na'urar kaɗan ce, da aiki ya yi yawa sai ta hau nishi. Wata rana gab da magariba ya ware wa na'urar fili a faifan ajiyarta na biyu, inda za ta riƙa jibge abin da kanta ya kasa ɗauka. Mutumin da ba ya buɗe kango sai da turare da bisimilla, ga shi ya yi ɗaki fayau a cikin ƙarfe bai ce uffan ba.

Kafin a idar da salla tsakuwa ta fara zuba a kan rufi. Faifan ya riƙa gurnani shi kaɗai, ko an ɗauke wuta bai fasa ba. Sai Mwajabu ta soma mantuwa. Ta manta hanyar rijiya, ta manta yadda ake tatsar kwakwa, daga baya ta manta sunan uwarta. Tsoro ya kama Athumani ƙwarai.

Ya ɗauko Malam Kibwana mai ruƙiyya. Malam na cikin karatu wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Malam, daina ƙona ni. Ɗaki na tarar a share cikin na'urar, ba kowa a ciki. Kan yarinya ya cika da kewa, shi ya sa nake kwashe mata kaya ina ajiyewa a ɗakin. Laifi ne?"

"Mayar mata, ka fita."

"Ba na mayarwa. Ko in zauna in ci gaba da kwasa, ko mai ɗakin ya kashe shi da hannunsa in tafi."

Malam ya dubi Athumani. "Ba za ka iya kwashe kayan zuwa wani wuri ba?"

"Ko matsar da filin zan yi, sai na kashe shi tukuna," in ji Athumani a hankali. "Abin da ke ciki kuwa ba ya tsira."

Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sannan ya danna maɓallin kashewa. Gurnani ya tsaya, tsakuwa ta ɗauke.

Mwajabu ta buɗe ido. Ta ga Athumani durƙushe a gabanta yana hawaye, sai ta ja mayafi ta rufe kanta.

"Sannu da zuwa, bawan Allah," ta ce. "Takarda ka kawo a buga?"