Azarar Rijiyar Bilbis

A bakin sabuwar rijiyar Bilbis suka fara ganin juna, cikin bazarar 1998. Juwairiyya ta kawo wa mahaifinta Malam Labbo fura, ta tarar da Abdulaziz, ɗalibin injiniya daga Gusau, yana zane a ƙasa da tsinke. Ya ɗago kai, tsinken ya suɓuce masa. Wata uku ana zance lafiya lau, har ya raɗa mata suna Tauraruwa.

Sai bakinsa ya ja musu. Ranar da Malam Labbo ya kawo injin jan igiya don saukar da zoben siminti, Abdulaziz ya dubi azarar da aka rataya wa fuli, ƙarfen da igiya ke gudu a kansa, ya ce a gaban jama'a:

"Baba, azarar nan za ta karye. Zoben kilo ɗari uku ne, injin ma yana jan igiyar ƙasa da ɗari uku. Ɗari shida ke nan a kanta."

Dogo, yaron aikin Malam Labbo wanda ya zaɓo azarar, ya daɗe yana son Juwairiyya. Ya kece da dariya. Malam Labbo ya harzuƙa.

"Shekara talatin ina ginan rijiya, ni za ka koya ma aiki? Tahi! Ɗiyata ta hi ƙarhinka."

Haushin su biyun ya turnuƙe Juwairiyya. Ta rubuta wasiƙa: "Abdul, ka kunyata mahaifina, ban huce ba. Amma faɗa mini gaskiya, za ta karye?"

Amsa ta zo: "Tauraruwa, bakina ya yi kuskure, lissafina bai yi ba. Kada ki bari ya shiga ramin."

Al'adar Malam Labbo ce ya sauka ƙasa ya tarbi zobe da hannunsa. Ranar aikin Juwairiyya ta tsaya a bakin ramin, idonta jawur.

"Baba, in ka shiga ina biye da kai. A sauke shi ba kowa ciki."

"Ku sauke shi ta ga ƙaryar banza!" ya daka tsawa.

Zoben bai kai rabi ba azarar ta ce ƙaras! Zoben ya faɗa ƙasa, ya tarwatse daidai inda Malam Labbo kan tsaya. Dogo ya sulale. Tsohon ya daɗe yana leƙen ramin.

"Ku kira min marar kunyan nan."

Da Abdulaziz ya zo ya durƙusa, tsohon ya ce masa, "Lissahinka daidai, ladabinka sihiri, babu ko ɗigo. Turo magabatanka, ita ta koya maka."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure. Malam Labbo ya dafa kan ɗiyarsa.

"Allah shi yi miki albarka. Da ba ki yi min taurin kai ba, da wani ne ke sa miki ita yau."